Sakan Talatin a Hannun Ɗalibi

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SAI A SASSAUTA)

 Yau za mu leƙa makarantun koyon shirya fim, inda malami kan ba ɗalibi wani aiki da za ka ji kamar wasa. Ya ce masa, je ka shirya mana talla, sakan 30 ko minti ɗaya, ka kawo mu gani. Babu kamfanin da ya ɗauke shi aiki, babu wanda zai biya shi ko kwabo. Shi zai zaɓi hajar, shi zai nemo kuɗin, shi zai sha rana. Zan fara muku da wata talla da kamfanin da aka yi dominsa ya fito fili ya ce ba shi ba ita.

A watan Agustan 2013 wani ɗan gajeren fim ya bazu a intanet daga ƙasar Jamus. Tsawonsa minti ɗaya da 'yan kai. Tunda rediyo ba ta nuna hoto, ku ba ni kunnuwanku in zana muku shi.

Ƙauye ne na Turai irin na da can, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Mutane sanye da tufafin wancan zamani, kowa na aikin gabansa. Sai ga mota sabuwa dal, Mercedes-Benz, wadda mu nan muke ce wa Marsandi, ta shigo ƙauyen tana sheƙi, a zamanin da yawancin mutane ko labarin mota ba su taɓa ji ba. Jama'a suka saki baki suna kallo. Can kan hanya wasu 'yan mata biyu ƙanana suna wasa. Mota ta doso su, ta doso su, sai ta taka birki da kanta, ta tsaya cak. To, a nan mai kallo zai ce ai na gane, tallar na'urar nan ce da ke hango mutum a gaban mota ta tsayar da ita ko direba bai ankara ba.

Mota ta ci gaba da tafiya. Sai ga wani yaro a guje, yana jan zaren abin wasan nan da iska ke ɗagawa sama. Ya faɗo kan hanya. Kai mai kallo ka saki jiki, ka san za ta tsaya. Ba ta tsaya ba, jama'a. Ta banke shi. Uwarsa ta ƙwalla kira, ta ce: Adolf! Sai aka nuna allon sunan garin, Braunau am Inn, garin nan na ƙasar Ostiriya inda aka haifi Adolf Hitler a 1889. Ga yaron kwance a ƙasa, hannuwa da ƙafafu sun lanƙwashe sun yi siffar alamar 'yan Nazi. Sannan rubutu ya fito da Jamusanci, ma'anarsa, motar tana gane hatsari tun kafin ya taso.

(KIƊA, GAJERE)

Ɗalibai ne suka yi wannan. Daraktan sunansa Tobias Haase, da abokan aikinsa Jan Mettler da Lydia Lohse, dukkansu daga makarantar fim ta jihar Baden-Württemberg da ke garin Ludwigsburg. Ku riƙe sunan garin nan, Ludwigsburg, don za mu dawo gare shi. Tsakaninsa da birnin Stuttgart, inda hedikwatar Mercedes take, tafiya ce ta 'yan mintuna a jirgin ƙasa. Wato a ƙofar gidan kamfanin aka yi wannan ɗanyen aiki.

Kamfanin Daimler, mai Mercedes a lokacin, bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce bai dace a sa mutuwar yaro da batun 'yan Nazi cikin talla ba, ko da kuwa tallar ta ƙirƙira ce. Ya kuma sa dole aka liƙa sanarwa a jikin fim ɗin cewa ba da izininsa aka yi ba, kuma ba shi da wata alaƙa da shi. In ka duba tarihi za ka fahimci zafin abin. Hitler da kansa a cikin manyan Marsandi yake yawo yana ɗaga wa jama'a hannu, hotunan suna nan har gobe, kuma kamfanin ya yi amfani da mutanen da aka sa aikin tilas a lokacin yaƙin duniya na biyu. Tsohon miki ne ɗaliban suka fama.

Ga kuma inda abin ya fi ba ni dariya. A watan Satumban wannan shekarar, a birnin Berlin, aka ba fim ɗin lambar yabo ta First Steps, wadda ake ba sababbin masu shirya fim a Jamus, da kyautar yuro 10,000 a ɓangaren talla. Cikin kamfanonin da ke ɗaukar nauyin wannan gasa har da Mercedes-Benz. Kun ji fa. Kamfanin da ya ce ba shi ba tallar, sunansa na cikin masu ɗaukar nauyin bikin da aka karrama ta.

Wani ɗan ƙarin bayani ga masu son tarihi: iyayen Hitler sun bar Braunau yana da shekara uku, suka koma Passau. Saboda haka yaro mai wayon da zai yi ta gudu da zare a titin Braunau, ba a taɓa yin sa ba. Amma wa ke tambayar talla takardar haihuwa?

Ni dai in kun tambaye ni, a matsayin fim ya yi. Ya kama ka, ya yaudare ka da 'yan matan nan biyu, sannan ya kife ka. A matsayin talla kuwa, Allah ya kyauta. Wane uba ne zai kalli wannan ya tashi ya je ya sayi motar da ke zaɓen yaron da za ta take? Yaron nan fa, a cikin labarin, bai yi wa kowa laifin komai ba tukuna. Motar Marsandi ko ɗaya fim ɗin bai tashi sayarwa ba. Abin da ya sayar shi ne Tobias Haase, wanda kafin Agusta ba wanda ya san shi, bayan Agusta kuma jaridun duniya suka ɗauki sunansa.

(KIƊA)

Bari in ɗan ruga da ku cikin tarihi, a gurguje. Tallar talabijin ta farko da aka biya kuɗi aka sa bisa doka a Amurka, ranar 1 ga Yulin 1941 ce, a birnin New York, ta kamfanin agogo na Bulova, kafin wani wasan ƙwallon gora, wato baseball. Dala 9 aka biya. Daga nan sana'a ta kafu, har ta zama makarantar manyan daraktoci. Ridley Scott, wanda da yawanku kun kalli fim ɗinsa Gladiator, yana ɗalibi a Royal College of Art da ke Landan ya ɗauki wani ɗan fim na yaro da keke, ƙaninsa Tony ne jarumin. Bayan shekaru, a 1973, ya sake ɗauko yaro da keke, wannan karon don tallar burodin Hovis, yaron na tura kekensa a kan wani tudu mai tsayi. Turawan Ingila har yau suna sa ta cikin tallace-tallacen da suka fi ƙauna. Shi ne kuma ya yi wa Apple shahararriyar tallar kwamfutar Macintosh a 1984. Makarantar Ludwigsburg kuwa a 1991 aka kafa ta, kuma tana da sashe sukutum na koyar da fim ɗin talla, inda ɗalibi zai shafe shekaru ba abin da yake koyo sai wannan. To, tarihi ya isa haka.

Me ya sa malamai ke son ba da wannan aiki? Ku zo mu yi lissafi. Talabijin irin tamu, da irin ta Jamus, hoto 25 take jerawa a kowane sakan, ido ya gan su kamar motsi. Sakan 30 sau 25, hoto 750 ke nan. Hoto 750, shi ke nan dukiyar ɗalibi. A ciki zai nuna mana inda muke, ya nuna mana mutum, ya sa mu damu da mutumin, ya kawo matsala, ya warware ta, sannan ya bar sakan uku ko huɗu na ƙarshe don hajar da sunanta. A dogon fim, in fitowa ɗaya ta yi sanyi, ta gaba za ta rufa mata asiri. A talla babu mai rufa wa wani asiri. Kamar yarinya ce mai tallar gyaɗa a bakin danja: kafin fitila ta ba da hannu, ko ta sa ka miƙo kuɗi ko mota ta wuce.

Shi ya sa aikin ba da kyamara yake farawa ba. Da takarda yake farawa. Malami zai tambayi ɗalibi, wa kake yi wa magana, kuma abu ɗaya tak da kake so ya tafi da shi mene ne? Abu ɗaya fa. Ɗalibi ya ce takalmin yana da ƙarko, ga sauƙin kuɗi, ga kyau, ga rashin nauyi. Malam ya ce zaɓi ɗaya. A nan ake fara zufa. Bayan an zaɓa, sai zanen labari: a raba takarda gida-gida, kowane gida a zana abin da kyamara za ta gani, a rubuta sakan nawa zai ci a ƙarƙashinsa. Ko zanen naka na 'yan sanduna ne ba komai, muddin mai ɗaukar hoto zai duba ya san inda zai kafa kyamararsa. Sai ɗalibi ya riƙe agogo, ya karanta maganar da za a ɗora a kan hoton da babbar murya. Ku gwada a gida ku gani. Abin da ka rubuta kana ganin gajere ne, kana karantawa za ka tarar ka cinye sakan 50. Sai yanka. Ka yanke jimlar da ka fi so, ka sake karantawa, ka sake yankewa.

Ranar ɗauka kuwa, abin da ya fi cin lokaci sau da yawa shi ne hoton hajar ita kanta, wannan na sakan ukun ƙarshe. Ku ɗauki kwalbar lemo mai sanyi. Ka fito da ita daga firiji tana raɓa gwanin sha'awa, ka ajiye ta gaban fitilu masu zafi, kafin a gama daidaita haske raɓar ta tsiyaye, takardar jikin kwalbar ta jiƙe ta yamutse. Masu sana'ar sun daɗe da gano dabara. Kwalbar ba mai sanyi ba ce sam. Ruwa suke haɗawa da gilisarin su fesa mata, ɗigon ya tsaya ƙyam a inda ya sauka, ya yi awa bai motsa ba. Ƙanƙarar da kuke gani cikin kofi, sau da yawa ta roba ce mai kama da gilashi. Sai ka ga ɗalibai huɗu sun durƙusa gaban kwalba guda, ɗaya na riƙe da farin kwali yana mayar da haske, ɗaya na juya kwalbar kaɗan-kaɗan don sunan ya fuskanci kyamara, ɗaya na goge sawun yatsa da ƙyalle, na huɗun na kallon allo yana cewa a'a, a ɗan ƙara. Rabin yini a kan sakan uku.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa kuma shi ne sauti. Mu ma'aikatan rediyo wannan ya fi yi mana ciwo. A kashe kwana biyu ana gyaran haske, a manta da ƙarar janareta a bayan gida. Sannan waƙa. Ɗalibi ya ɗauko waƙar wani shahararren mawaƙi ya ɗora, ya sa a YouTube, na'urar da ke gane waƙoƙin mutane ta cafke shi, ko a toshe fim ɗin ko kuɗin tallar da ke kansa ya tafi wurin mai waƙa. A makarantu irin ta Ludwigsburg akwai masu koyon kiɗan fim a harabar, sai a haɗa kai da su, su tsara sabo.

(KIƊA)

Mu koma Ludwigsburg ɗin, kamar yadda na yi alkawari. Ƙarshen 2016, wani ɗalibi mai shekara 26, Eugen Merher, ya fitar da tasa tallar, ta takalmin Adidas. Wannan babu jini a cikinta. Wani tsoho ne a gidan kula da tsofaffi, irin gidajen nan na Turai da ake kai iyaye idan ƙarfi ya ƙare. A zamaninsa ɗan gudun yada-ƙanin-wani ne. Yanzu kullum yana zaune, ga tsofaffin takalmansa na gudu duk sun ƙoƙe. Ya ɗaura su ya nufi ƙofa, ma'aikata su tare shi. Ya sake, su sake tare shi. Daga ƙarshe suka ƙwace takalman. Sai 'yan uwansa tsofaffi, masu sanda da masu keken guragu, suka haɗa baki, suka dawo masa da takalmansa, suka tare ma'aikatan, tsoho ya fice a guje.

Minti ɗaya da sakan arba'in ne, kusan babu magana a ciki. A farkon 2017 miliyoyin mutane suka kalle ta a intanet, ana ta rubuta cewa an yi hawaye. Merher ya shaida wa 'yan jarida cewa sun aika wa Adidas fim ɗin, ba su sami amsa ba. Shiru. To, Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Jama'a suka yi ta caccakar kamfanin, wai ya yi asarar talla ta kyauta. Ni ban cika ganin laifinsu ba. Kamfanin da ke kashe maƙudan kuɗi yana nuna matasa 'yan ƙwallo masu jini a jika, ka kawo masa gidan tsofaffi da takalmi tsohon yayi, kuma ka nuna masu jinya a matsayin masu gadin kurkuku? Fim ɗin yana da taɓa zuciya, wannan ba musu. Amma a nan ma, wanda ya fito da riba shi ne ɗalibin.

Saura wanda kamfani ya amsa masa, kuma abin mamaki shi ba ma ɗalibin fim ba ne. Nick Haley, ɗan shekara 18 daga garin Warwick a Ingila, sabon ɗalibi a jami'ar Leeds. A watan Satumban 2007 Apple ya fito da na'urar sauraron waƙa ta iPod Touch. Yaron nan ko kyamara bai ɗauka ba. Hotunan na'urar ya kwaso daga shafin kamfanin, ya zauna da kwamfutarsa ya yanka su, ya jera su daidai da bugun wata waƙa ta ƙungiyar CSS ta ƙasar Birazil, sakan 30 cif, ya sa a YouTube. Yana cikin motar bas saƙo ya shigo wayarsa, wai daga masu yi wa Apple talla. Ya ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske ne. Aka ɗauke shi a jirgi zuwa Los Angeles, kamfanin talla na TBWA/Chiat/Day ya zauna da shi aka sake ƙera ta da ingancin talabijin, kuma kafin Oktoba ta ƙare ana nuna ta a Amurka lokacin wasannin ƙarshe na ƙwallon gora, lokacin da kuɗin talla ke tsada.

Me ya bambanta shi da sauran biyun? Tun daga sakan na farko har na talatin, hajar ce a gaban ido. Yatsa na taɓa gilashi, hoto na juyawa, waƙa na tafiya. Babu Hitler, babu tsoho, babu hawaye. Haase da Merher sun ari sunan kamfani sun ba da labarin da ke ransu, suka sami suna. Haley ya nuna kayan mutane yadda masu kayan ke so a gan su, ya sami tikitin jirgi. Duka biyun hanya ce, amma ya kamata ɗalibi ya san wadda ya hau tun kafin ya ari kyamara.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini yatsa, lokaci ya ƙure, saboda haka sauran a taƙaice.

Ɗalibanmu na Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA a Jos, da na sashen aikin jarida a Jami'ar Bayero, da na IFTIC a Yamai, ku ma ana ba ku irin wannan aiki, ko za a ba ku. Abu biyu. Na ɗaya, sunan kamfani da tambarinsa dukiyarsa ce. In ka ara don aikin makaranta, rubuta ɓaro-ɓaro a jikin fim ɗin cewa aikin ɗalibi ne, ba da yawun kamfanin ba. A Najeriya kuma, tun 2022 hukumar APCON ta koma ARCON, kuma tallar gaske da za a nuna wa jama'a sai an kai mata ta tantance, har da ta intanet. In magani ne ko abinci, akwai NAFDAC a gaba.

Na biyu, roƙo ne. Ba sai kun yi wa kamfanin da ke Jamus talla ba, wanda ko wasiƙarku ba zai buɗe ba. Ga mai kilishi a unguwarku, ga tela, ga matar da ke ɗura zoɓo a gora tana aikawa shaguna. Ku je ku same su, ku tambaye su abu ɗaya da suke so mai saye ya sani, ku yi musu sakan 30 ɗin, su sa a WhatsApp. Bayan mako biyu ku koma ku tambaya ko ciniki ya ƙaru, ku kai wa malam amsar tare da fim ɗin.

A nan za mu dakata. Ku kasance da mu, labaran duniya na tafe. Assalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)